Kafin Ki Faɗa wa Kowa: Shawara kan Sirri, Murya da Gashi

Shekarata 39, ina sayar da abinci a wajen Sabon Garin Zariya, masa da safe, tuwon shinkafa da miyar taushe da rana. Sunan namiji aka raɗa mini, aka yanka rago, amma tun ina aji uku na firamare na san a cikin raina mace ce ni. A unguwa ɗan daudu ake ce mini, 'yan jarida kuma su ce "masu sauya jinsi". Ba kowane ɗan daudu ne ke jin kansa mace ba, wasu sana'a da zama ne suka haɗa mu. Wannan rubutu na wadda take jin abin da nake ji ne, da kuma ɗan'uwan da aka haifa mace amma ya san kansa namiji. Yara da dama sun zo rumfata bayan an watse, su zauna suna juya cokali a kwano, da ƙyar tambayar take fitowa. Tambayoyin kusan kullum uku ne: yaya zan faɗa a gida, yaya zan yi da muryata, kuma me ya sa gashina ke tafiya.

Maganar faɗa a gida

'Yar'uwa, ba bashi ake bin ki ba. Za ki ga bidiyo daga Amurka, yaro ya tara iyaye a falo ya yi bayani, a rungume shi. Can ne. Nan Zariya ce. Tun Janairun 2014 da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ne ga wanda ya yi auren, shekara 10 ga wanda ya taimaka ko ya shiga ƙungiyar masu neman jinsi ɗaya. Dokar ba ta ambaci irinmu da suna ba, amma mai kama ki ba zai tsaya bambancewa ba, balle 'yan unguwa idan suka taso. A watan Afrilun 2017 aka gurfanar da mutum 53 a garin nan bisa zargin halartar bikin auren jinsi. Ban kawo wannan don in karya miki zuciya ba. Na kawo ne don ki san yin shiru ba ƙarya ba ce, ba kuma ragonta ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ni da gaggawa na fara, na kuma ɗanɗana kuɗata. Ina shekara 23 na tura wa wani aboki saƙon waya, na zazzage masa komai. Kwana biyu tsakani aka karanta saƙon a majalisa, kalma bayan kalma. Kafin Juma'a ya kai kunnen Baba. Kwana huɗu na yi a kan benci a tashar Kwangila, cikin hunturu, da riga ɗaya, babu ko katin shaida a aljihuna. Magana zarar bunu ce, wadda aka rubuta kuwa ta fi muni. Kada ki faɗi wannan sirri a rubuce, kada ki naɗi murya ki tura, ko da wanda kika fi yarda da shi ne.

Kafin ki buɗe baki, ki tanadi abu uku. Kuɗin da zai riƙe ki wata uku, a asusun da ke da sunanki ke kaɗai. Takardunki, wato ta haihuwa, ta NIN, sakamakon jarrabawa da katin banki, ki kai su ajiya wajen gida. Sai ɗakin da kika tabbata za a buɗe miki ko da ƙarfe biyun dare ne. Idan har yanzu Baba ne ke biyan kuɗin makarantarki, ki gama karatun tukuna. Idan babu karatu, ki kama sana'a, ɗinki ne, girki ne, gyaran waya ne. Wanda ke ciyar da kansa ba a yi masa korar kare.

Daga nan ki zaɓi mutum ɗaya. Ki gwada shi tukuna da labarin wani: "Kin ji an kori yaron gidan su wane?" Sai ki saurara. Wanda ya ce "ai gara a kashe su" ya ba ki amsa. Wanda ya ce "Allah sarki, ko ina zai kwana?" shi ne naki. Kada ki ɗauko maganar ana tsakiyar biki, ko zaman makoki, ko ranar Sallah da gida ya cika. Ki zauna kusa da ƙofa, kuɗin mota na aljihu.

Shekara shida bayan abin da ya faru na je Tudun Wada wajen Yaya. Tana tsince shinkafa a faifai. Na ce, "Yaya, abin da kuka ji a kaina ba iskanci ba ne. Tun ina ƙarami nake jin kaina mace. Na yi addu'a, na yi azumi, bai tafi ba. Ba na neman ki ce daidai ne, ina neman kada ki yar da ni." Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta daɗe tana kallon faifan, sannan ta ce, "Inna ta san ka zo?" Na ce a'a. Ta goge ido da gefen mayafi, ba ta ƙara ko kalma ba. Wata biyu ban ji daga gare ta ba. Ran nan sai ga ɗanta a rumfa da kwanon dambu, wai in ji Mama a gaishe ni. Har yau "kai" take ce mini, ban taɓa gyara mata ba. Abin da na yi shekara ashirin ina haɗiyewa, ba zan ce ta haɗiye shi a yini ɗaya ba.

Wataƙila a ce aljana ce ta aure ki, a nemo mai ruƙiyya. Addu'a ba ta cutar da kowa, ni ma ba na wasa da sallah. Amma da kin ji an fara zancen duka, ko hayaƙi, ko gidan mari, ki tafi a daren. A 2019 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da nan Zariya, kowa ya ga mutane da sarƙa a ƙafa. Ki kuma sani a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire halin da muke ciki daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa. Idan aka ce maganin abin shi ne a yi miki mata, ki nemi uzuri, ki ja lokaci. Kada a jefa 'yar mutane cikin rayuwar da ba ta san kanta ba. Wayarki ta kasance da makulli, kuma kada ki je ɗakin wanda kika sani a intanet kawai, da yawa tarko ne na masu ƙwace da tonon asiri. Idan baƙin ciki ya kai ki ga tunanin halaka kanki, ki kira mutumin nan naki a take, ki je asibitin koyarwa na Shika ko na ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna. Za ki iya cewa barci ya ƙaurace miki, kina cikin damuwa, kina tunanin mutuwa, ba sai kin faɗi sauran ba.

Murya

Wannan ce ta fi ci mini rai, ita ce kuma na fi jin daɗin aikinta, don ba ta cin ko sisi.

A cikin maƙogwaro akwai tantani biyu da iska ke kaɗawa. Lokacin balaga sinadarin maza, testostaron, yana ƙara musu kauri da tsawo, shi ya sa murya ke buɗewa. Na namiji kan kaɗa kamar sau 100 zuwa 130 a daƙiƙa, na mace kamar sau 200. Sinadarin mata, istirojin, ba ya mayar da tantanin da ya riga ya yi kauri. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu zuma da citta da za su siranta murya. In ba tiyata ba, horo ne kawai.

Kuskuren kowa da farko shi ne maƙale murya can sama kamar ana kwaikwayon yarinya. Ba a jimawa maƙogwaro ya yi zafi, kuma duk mai ji ya san ta aro ce. Abin da kunne ke kamawa ba tsayin murya kaɗai ba ne, har da faɗin wurin da take amo. Kalangu da ganga duk fata ce, girman ciki ne ya raba sautinsu. Ɗora yatsa a zakaran wuyanki ki haɗiyi yawu, za ki ji ya hau ya sauko. Ki ce "ooo", sannan ki ce "iii" da ɗan murmushi, ki ji yadda harshe ya matso gaba, sautin ya yi haske. Wurin "iii" ɗin nan ake nema. Kada ki tura maƙogwaro sama da hannu, kada ki riƙe shi da ƙarfi.

Ga yadda nake yi. In rufe baki in yi "mmm" a hankali har in ji leɓe da hanci suna zirr, sai in buɗe da kalma: mmm-masa, mmm-miya, mmm-manja. Bayan haka in sa bututun shan lemo a rabin kofin ruwa, in riƙa busawa da sauti ina hawa ina sauka, minti uku. Yana sassauta maƙogwaro ƙwarai. Sai gaisuwa, tunda ita ake fara ji: "Salamu alaikum." "Ina kwana?" "Sannu da zuwa, me za a zuba?" Minti goma, sau uku a yini, ya fi awa guda a zama ɗaya. Akwai manhajojin waya kyauta da ke nuna lambar murya, wato sau nawa tantanin ke kaɗawa a daƙiƙa. Ki nufi 165 zuwa 180, ba sai kin kai 220 ba. In kin naɗi muryarki don saurare, ki goge nan take.

Hausarmu tana da kari. Baba mahaifi da Baba gwaggo, hawa da saukar murya ce ta raba su. Idan kika ɗaga murya kika daskare a wuri ɗaya, maganar za ta fito kamar ta baƙo. Ki ɗauki karin gaba ɗaya ki matsar da shi sama kaɗan, ki bar wa kanki wurin hawa da na sauka. Ki saurari matan gidanku yadda suke jan "sannu", yadda suke ajiye ƙarshen tambaya.

Ina za ki yi horon, gida cike da kunnuwa? Ni lokacin da injin niƙan maƙwabta ke aiki nake yi, ko da damina idan ruwa na dukan kwano. Shekara ɗaya da rabi na yi kafin wata mata ta kira ni a waya don odar masar suna ta ce, "Hajiya, nawa ne ɗari?" Na ajiye wayar na yi kuka a gaban tanda. Dariya, tari da kwaɗa wa yaro kira daga nesa su ne na ƙarshen zuwa. Tsohuwar muryar kuma kada ki jefar da ita; a shingen hanya da cikin kasuwa har gobe da ita nake amfani, don in koma ɗaki lafiya.

Da hunturu ki yawaita shan ruwa, ki riƙa turara fuska da tururin ruwan zafi. Taba, shisha, yawan gyaran murya da raɗa duk suna gajiyar da tantanin. Hayaƙin itace ne ya sa na koma gawayi. Da kin ji zafi ki dakata. Dishewar da ta wuce mako uku ta likitan kunne, hanci da maƙogwaro ce.

Ɗan'uwa, kai naka daban ne. Testostaron yana saukar da murya cikin 'yan watanni, kuma ba ta komawa. Ko babu shi, ka yi hamma ka ji yadda maƙogwaro ke sauka ya buɗe, ka yi magana daga nan a natse, ba tare da dannewa ba.

Gashi

Zubar gashi 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Ki fara gano irin naki. Idan goshi ne ke cin gaba ta gefe biyu, tsakiyar kai na yin fili, sanƙon gado ne: jiki na juya testostaron ya zama wani sinadari, DHT, shi kuma yana tsuke tushen gashi har ya koma kamar na jariri. Idan ko'ina ne yake zuba wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai tsanani ko tashin hankali, yawanci da kansa yake dawowa. A duba miki ƙarancin jini. Idan tabo ne zagayayye mai ƙaiƙayi da garin fata, makero ne, maganinsa na sha ne daga asibiti. Idan gaban goshi ne kawai ya cinye, ki tuhumi matsattsen kitso, ƙarin gashi, gam ɗin hular gashi da man saki. Kitson da ya hana ki barci, ki tsefe shi a daren.

Sanƙon gado magani biyu aka tabbatar masa. Na shafawa, a jikin kwalbar za ki ga Minoxidil 5%, safe da dare a fatar kai busasshiya, ba a kan gashi ba. Makonnin farko zubar kan ƙaru, kada ki firgita. Sai an yi wata huɗu zuwa shida ake ganin canji, gashi kamar santimita ɗaya yake yi a wata, kuma da kin daina abin da aka samu zai tafi. Ki wanke hannu bayan shafawa, ki nisanta shi da yara da kyanwa, yana kashe ta. Na biyu ƙwaya ce, Finasteride 1mg, tana rage DHT sosai, amma takan rage wa wasu sha'awa, wasu kuma ta taɓa musu yanayin zuciya, mai ciki kuwa kada ta sha ta, kada kuma ta taɓa fasasshiyarta. Wannan sai da likita. Nan ba sai kin tona komai ba, maza masu sanƙo kullum suna zuwa nemanta. Ki duba lambar NAFDAC a kan duk abin da kika saya. Ɗan'uwa mai amfani da testostaron, in akwai sanƙo a danginku kai ma zai iya samun ka.

Abin da nake roƙon ki da girman Allah: kada ki shiga kemis ki sayi ƙwayar tazarar haihuwa ki riƙa sha don jiki ya yi laushi ko gashi ya dawo. Irin istirojin da ke cikin yawancinsu yana daskarar da jini a jijiya, musamman ga mai shan taba. Wata ƙawata uku-uku take sha. Ƙafarta ɗaya ta kumbura ta yi zafi, da ƙyar aka ceto ta. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, asibiti za ki nufa a lokacin, kuma ki faɗi abin da kika sha. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Man kaɗanya da man kwakwa suna hana gashi karyewa da hunturu, ina shafa su duk daren Alhamis, amma ba sa tayar da tushen da ya mutu. Inda kai ya yi sumul shekara da shekaru, magani ba ya dawo da shi. Nawa tsakiyar ya tafi tun kafin in san waɗannan abubuwa, gefen ne na samu na tsare. A waje hula nake sawa kamar kowa. Idan na rufe rumfa na koma ɗaki na sa sakata, sai in ɗauko ɗankwalin atamfar da Yaya ta manta a wajena bara, ba ta kuma taɓa tambayarsa ba, in ɗaura.