Yadda Ake Gano Ainihin Farashin Babur na Hannu Idan Littafin Ƙiyasi da Kasuwa Sun Saɓa

Wanda duk ya taɓa sayen babur na hannu ko sayar da shi ya san wannan ruɗani: sai ka duba littafin ƙiyasin farashi ya ba ka adadi ɗaya, ka shiga ciniki da shi a ranka, amma ka tarar mai babur ya kafe a kan kuɗin da ya zarce haka nesa, ko kuma, idan kai ne mai sayarwa, tayin da ake yi maka ya kasa kamo ƙafar abin da littafin ya rubuta. Wannan saɓani ba lallai ne ya zama alamar ha'inci ba. Littafin yana magana ne a kan matsakaicin babur irin wannan da aka sayar a watannin baya, kai kuwa kana tsaye ne a gaban babur guda ɗaya mai nasa tarihin, a yau, tare da mutum ɗaya mai tasa buƙatar.

Da farko ya kamata ka san abin da kake karantawa. Waɗannan littattafai, waɗanda yawancinsu yanzu sun koma shafukan intanet, tsofaffi ne. An fara buga Kelley Blue Book a Amurka a 1926, L'Argus ta Faransa ta fito a 1927, sannan a 1933 aka samu Glass's Guide a Ingila da littafin ƙungiyar dillalan motoci ta Amurka, wato NADA, wanda kamfanin J.D. Power ya saya a 2015. Dukansu a kan motoci aka gina su, kuma manyan masu amfani da su dillalai ne da bankuna da kamfanonin inshora. A waɗannan ƙasashe, baburan da ke sauya hannu ba su kai motoci yawa ba, sannan da yawa daga cikinsu tsakanin mutum da mutum ake sayar da su ba tare da kowa ya kai wa masu ƙiyasi rahoton kuɗin da aka biya ba, saboda haka bayanan da ake auna farashin babur da su sun fi ƙaranci. Bugu da ƙari, littafin ba adadi ɗaya yake bayarwa ba. Akwai abin da dillali zai biya ka idan ka kai masa naka domin ka ɗauki wani, akwai kuma abin da zai sa wa babur ɗin bayan ya gyara shi ya ɗora ribarsa. Ciniki tsakanin mutum biyu yakan faɗa ne a tsakanin waɗannan adadi biyu, kuma rigima da yawa daga nan take tasowa, domin mai sayarwa ya riƙe na sama, mai saye ya riƙe na ƙasa, kowannensu yana cewa littafi ne hujjarsa.

Littafin yana kuma bin kasuwa ne a baya. A tsakanin 2020 da 2022, lokacin da annobar korona ta kawo cikas ga masana'antu da jigilar kaya, sababbin babura sun yi ƙaranci a ƙasashe da dama, na hannu suka yi tsada fiye da yadda aka saba, kuma masu ƙiyasi sai daga baya suke kamo farashin. Haka nan a ƙasashen da ake tsananin sanyi, babur ɗin da ake rububinsa a farkon lokacin ɗumi yakan rasa mai tayawa idan ƙanƙara ta fara zuba, alhali adadin littafin bai motsa sosai ba.

Don haka aikin da ke gabanka shi ne ka haɗa naka ƙiyasin, ka bar na littafin ya zama ma'auni na farko kawai. Ka nemo babura biyar zuwa goma masu samfuri ɗaya da wanda kake so, shekara ɗaya ko kusa da ita, da tafiyar kilomita mai kama da juna, kuma a yankin da za ka iya zuwa ka ɗauko. Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne ka bambanta kuɗin da aka nema da kuɗin da aka biya. Adadin da ke kan talla buri ne na mai kaya, ba shaida ba ce. Dandamali irin su eBay suna ba da damar duba kayan da aka riga aka sayar tare da farashinsu, wuraren gwanjo ma sukan wallafa sakamakonsu, kuma waɗannan su ne hujja ta gaske. Inda ba ka samu irin wannan ba, ka bibiyi tallace-tallacen na tsawon mako biyu ko uku. Wanda ya ɓace cikin kwana biyu, farashinsa ya dace da kasuwa ko ma ya yi ƙasa da ita, wanda kuwa ya kwashe wata biyu yana nan, ana ta rage masa kuɗi, ya nuna maka iyakar da masu saye suka ƙi tsallakawa. Ka jefar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya.

Daga nan sai ka je ga babur ɗin da kansa, domin gani ya kori ji, kuma a nan ne mafi yawan gibin yake ɓoye. Ka roƙi mai shi kada ya tayar da injin kafin ka iso, idan ka iso kuma ka ɗora hannunka a jikin injin ka tabbatar da sanyinsa, domin injin da ya ɗumama yakan rufe wahalar tashi da hayaƙi da ƙarar da zai yi da safe. Ka durƙusa ka duba gefen taya, za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana iya zama da zanenta cif amma robarta ta bushe ta tsattsage saboda tsufa, kuma sauya ta yana kanka. Ka kama sarƙa a bayan faifan haƙoran baya ka ja ta waje. Idan ta ɗago har ka ga kusan rabin haƙori, ta gama aiki, kuma yawanci tare ake sauya ta da faifan gaba da na baya. Ka shafa yatsa a jikin sandunan shokozoba na gaba ka ga ko mai yana tsattsafowa, ka haska cikin tanki da tocila ka nemi tsatsa, sannan ka dubi ƙarshen kan babur da bakin hannun birki da wurin ɗora ƙafa, domin nan ne faɗuwa take barin tabonta ko da an sake fenti.

Ina so in ja hankali a kan ƙarancin kilomita, domin littafi yana ƙara wa babur daraja saboda shi, mutane kuma suna ruɗuwa da shi. Babur ɗin da ya shekara biyar a ajiye ba a hawa, man da ke cikinsa ya lalace ya toshe kafireto ko hanyoyin mai, batirinsa ya mutu, robobinsa sun bushe, yakan ci kuɗin gyara fiye da wanda ake hawa kullum ana sauya masa baƙin mai a kan lokaci. Rasidan bakanike sun fi agogon kilomita faɗin gaskiya. Ka tambaya musamman ko an duba bawul a lokacin da kamfani ya ƙayyade, domin a wasu babura, kamar na Ducati masu tsarin bawul na musamman, wannan aiki kaɗai yana da tsadar da za ta sauya lissafin ciniki baki ɗaya.

Yanzu sai lissafi. A ƙaddara littafi ya ce darajar babur ɗin ɗari ce, amma waɗanda ka tabbatar an sayar sun tsaya a wajen casa'in. Idan tayoyi biyu za su ci shida, sarƙa da faifanta uku, duban bawul da lokacinsa ya wuce kuma biyar, to tayinka na gaskiya saba'in da shida ne. Ka tambayi bakanike kuɗin kowane gyara kafin ka zauna ciniki, ka zo da su a rubuce, ka nuna wa mai babur kowane abu da hannunka. Mutum ya fi sauƙin sallamawa idan ya ga dalilin ragi a jikin kayansa, maimakon a jefa masa adadi haka kawai, abin da yakan ɗauka a matsayin raini.

Takardu kuwa ba abin ragi ba ne, abin fasa ciniki ne idan sun ƙi daidaita. Lambar shasi, wadda a yawancin baburan zamani take da haruffa da lambobi 17, dole ta zo daidai da ta takarda, kuma kada a ga alamar an kankare ta. Ka bincika ko akwai bashin banki a kan babur ɗin, ko kuma inshora ta taɓa ayyana shi a matsayin wanda ya lalace gaba ɗaya, domin irin wannan tarihi yana karya farashi ƙasa da na littafi ƙwarai, komai kyawun gyaran da aka yi masa.

Ga mai sayarwa, abin da ya fi zafi shi ne kayan ƙawa. Salansa mai tsada da fenti na musamman da fitilun da ka ƙara da wuya su dawo maka da kuɗinsu, wani mai sayen ma yana ganinsu a matsayin alamar an wahalar da injin. Idan ka adana kayan asali, ka mayar da su, ka sayar da na ƙarin daban. A ɗaya gefen kuma, akwai baburan da littafi yake tauye wa haƙƙi, wato tsofaffin da masu tarawa ke nema, irin su Honda CB750 da ta fito a 1969 ko Kawasaki Z1 ta 1972, waɗanda farashinsu ya rataya a kan asalin kayansu da sakamakon gwanjo na baya-bayan nan.

Akwai wuri biyu da adadin littafi yake da ƙarfi ko da kasuwa ta saɓa masa. Banki yakan auna rancen da zai ba ka da shi, don haka idan ka yarda ka biya sama da littafi, cikon daga aljihunka zai fito. Kamfanin inshora ma yakan fara daga irin wannan ƙiyasi idan an sace babur ko ya yi raga-raga, saboda haka ka adana hotuna da rasidan gyara da shaidar farashin da aka sayar da makamantansa, kuma idan naka yana cikin masu darajar da ta zarce ta littafi, ka nemi a rubuta adadin da kuka amince da shi a cikin yarjejeniyar inshorar tun ranar da za ka sa hannu.