Kafin ku shimfiɗa intalok a layinku: kurakuran da masu gyaran unguwa suka fi yi

A watan jiya wasu samari suka zo mini da takarda. Sun kafa ƙungiyar ci gaban unguwarsu, suna so in duba musu tsarin da suka rubuta. Abu na farko a ciki intalok, na biyu get a bakin layi, na uku fitilun sola. Na karanta har ƙarshe ban ga inda aka ambaci ruwan sama ba. Wannan ita ce takarda ta huɗu irinta da ta shigo hannuna cikin shekara biyu, shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya zo in miƙa masa.

Zan fara da kuskuren da ya ci mu, domin da hannuna a ciki.

Layinmu yana cikin birnin Kano, tsofaffin gidajen ƙasa ne haɗe da na bulo. Wata takwas muka yi muna karo-karo gida-gida, wani ɗan unguwa da Allah ya buɗa wa ya cika mana. Cikin rani aka zuba ciko, aka bi da yashi, aka jera intalok. Layi ya yi tas, har mutanen wasu unguwanni suna zuwa kallo. Abin da babu wanda ya auna a cikinmu shi ne cikon ya ɗaga hanya da kusan taƙi guda, dokin ƙofar tsofaffin gidaje ya koma ƙasa da ita. Da Agusta ya zo, aka kwana ana sheƙa ruwa. Duk abin da indararon gidajen da ke saman gangaren suka zubo ya gangaro a kan intalok, bai sami inda zai nutse ba, ya nufi gidan wata dattijuwa da ke ƙarshen gangaren. Ya cika soro, ya cika tsakar gida, ya jiƙa gindin katanga. Kafin kiran assalatu katangar ta zauna. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, domin jikokinta a ɗakin da ke jikin katangar suke kwana, ta riga ta kwashe su tun tsakar dare. Da na shiga da safe ruwa ya kai mini ƙwauri, kwanuka suna yawo, buhun gerinta ya kumbura. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Hannuna ta kama ta nuna mini wata 'yar hanya a bayan gidanta, ta ce tun tana amarya ta nan ruwan layin yake bi ya faɗa kududdufi, mu kuma mun toshe bakinta da ciko. Sannan ta tambaye ni me ya hana mu zo mu tambaye ta. Har yau ban da amsa.

Kuɗin da muka kashe wajen tayar mata da katanga, da ɓamɓare rabin intalok ɗin, da haƙa kwata, ya fi na aikin farko.

Ku gane yadda birnin yake tun asali. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu, daga baya suka zama matattarar ruwan damina. In sun cika su tumbatsa, ruwa ya bi kwari ya faɗa Jakara. Yanzu an cike da yawansu da bola, an yanka fuloti an yi gini. Ruwan kuwa yana nan yadda yake, mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba, wani lokaci a dare ɗaya. Wanda ya ga yadda ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, ya san ba gidan talaka kaɗai yake nema ba.

Don haka ni yanzu ban yarda a rubuta tsarin unguwa da rani ba. A bari sai damina ta kankama, a ɗauki lema a fita ana tsakiyar ruwa, a bi shi da ƙafa daga inda ya taso har inda ya kwanta, a sa alamar fenti a jikin bango a inda ya tsaya. Sai a samo birkila da tiyonsa na auna lebur, ya fara daga dokin ƙofar da ya fi kowanne ƙasa. Hanya ba za ta wuce wannan tsayin ba, ko da kuwa sai an kwashe ƙasa maimakon a zuba. Kwata kuma daga mafita ake fara ta a hauro sama, bayan an zauna da mutanen unguwar da ke ƙasanku, domin in ba haka ba kun kwashe ruwanku ne kun zuba musu. Na san akwai injiniyoyin da suka fi son a rufe kwata ruf da kankare. Ni na fi son silab da mutum biyu za su iya ɗagawa duk bayan 'yan taku, domin na ga yadda rufaffiyar kwata take cika da leda da yashi cikin damina biyu, ba mai iya shiga ya yashe ta.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin ba na rashin sani ba ne, na raini ne. Wa kuke kira taro? Masu gida maza, bayan isha'i, a ƙofar masallaci. Su ne kuma mutanen da suka fi kowa ƙarancin zama a unguwar: su fita da safe, su dawo da dare. Wadda take wuni a ciki, ta san lokacin da famfo ke kawo ruwa, ta san lungun da 'yarta ke tsoron bi in an aike ta, ita ba ku ji ta bakinta ba. Kuna ta maganar haɓaka kasuwanci, alhali rabin kasuwancin unguwar yana bayan labule: mai awara, mai ɗanwake, mai kitso, mai keken ɗinki, mai adashe. 'Yan haya kuwa kun ɗauke su baƙi, ko da mutum ya shekara ashirin yana biya. Malamin makarantar allo da almajiransa, waɗanda su ne suka fi kowa buƙatar banɗaki, ba ku ma sa su a lissafi ba. Haba jama'a! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuma kun tsaya a waje kuna faɗa masa.

Da idona na ga abin da hakan ke haifarwa a wani layi kusa da namu. Suka sa get, suka yi masa dakali a ƙasa, suka ce ƙarfe sha ɗaya a kulle, makulli a hannun mutum ɗaya. Tun makon farko 'yan garuwa suka daina shiga, domin kura mai jarka goma sha biyu ba ta hawa dakalin, mata suka koma aiken yara bakin titi. Daga baya wata ta kamu da naƙuda cikin dare, mai makulli ya yi tafiya da shi a aljihu, sai tallabo ta aka yi har bakin get inda adaidaita sahu ke jira. Da an tambayi mace ɗaya tak kafin a sayi ƙarfen, da ta faɗa musu. Abin da nake yi yanzu, nakan nemi mata biyu da ake ganin girmansu su shiga gida-gida, su tambayi abin da ya fi damun matan gidan da abin da ba sa so a taɓa. 'Yan haya kuma zamansu daban, domin ba za su yi magana a gaban wanda zai iya ba su notis ba.

Akwai kuma masu ganin unguwa ba ta gyaruwa sai da rusau. Su tuna da Maroko a Legas, wadda aka baje a watan Yulin 1990 zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka raba mutane wajen 300,000 da muhallinsu. Wurin ya yi tsada, amma ba mutanensa ne suka ci moriyar ba. Ni misalin da nake kawowa kullum shi ne na Orangi a birnin Karachi na Pakistan, inda Akhtar Hameed Khan ya fara aiki a 1980. Layi-layi aka bi. Mutanen kowane layi su zaɓi wakilinsu, su tara kuɗinsu, su shimfiɗa bututun ƙazanta da hannunsu bisa awon da masana suka yi musu, babbar magudana kuma a bar wa hukuma. Aikin gayya ne irin wanda muka gada, an dai ƙara masa awo da lissafi. Wannan rabon aikin nake so ku riƙe: na cikin layi naku ne, babbar kwata da taransifoma da titi na gwamnati ne, ku bi su da takarda da naci, kada ku ƙarar da kuɗin marayu a kansu.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ku bari kowa ya fasa soronsa ya turo shago cikin lungu. Ma'aunina shi ne makara: in mutum huɗu ba za su wuce da ita a kafaɗa ba tare da sun karkata ta ba, an ci hanya. Kada ku taɓa fili ko ku canza hanya ba da sanin mai unguwa da dagaci da hukumar tsara birane ta KNUPDA ba, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne, yardar maƙwabta kaɗai ba ta zama takarda. Kada ku rataya wa aikin hular jam'iyya, in gwamnati ta sauya shi ma ya mutu. Kuɗi a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a fili duk wata. Rijiyar burtsatse ko fitilar sola da ba a ware mata kuɗin gyara da mai kula ba, kwananta ƙirgagge ne. Darbejiyar da ke bakin layi kuma ku bar ta, a ƙarƙashinta tsofaffi ke wuni.

Samarin nan na mayar musu da takardarsu, na ce su ajiye kuɗin intalok a banki. Na ba su sunan birkilan da ya auna mana lebur a aikinmu na biyu, na ce su nemo tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a layinsu su zauna da ita. Mun yi da su za su kira ni ranar da aka yi ruwan Agusta na farko mai ƙarfi, mu fita tare da gwangwanin fenti.