Darasi na Bakwai: Yadda Yaro Yake Koyo ta Hanyar Wasa a Rabin Aji

Da yawa daga cikin masu halartar ajin yaƙi da jahilci a nan Kaduna suna da 'ya'ya ko jikoki a rabin aji, wato ajin da yaro yake shiga yana ɗan shekara 5 kafin ya fara aji ɗaya na firamare. Ƙorafin da aka fi ji daga bakinsu shi ne, yaro yana dawowa gida da yashi a aljihu da jiƙaƙƙiyar riga, amma idan aka buɗe littafinsa sai a tarar ba a rubuta komai ba, ko kuma layi biyu kacal. Daga nan sai uba ya yanke hukunci cewa malamar ba ta san aikinta ba, har ya fara neman makarantar da za a riƙa cika wa yaro shafi da rubutu. An shirya wannan darasi ne domin mai karatu ya iya bambanta wasan da karatu ne a cikinsa da wasan da sakacin malami ya haifar, domin duka biyun suna nan, kuma daga nesa kamarsu ɗaya.

Koyar da ƙananan yara ta hanyar wasa tsohon tsari ne. Wani malami Bajamushe mai suna Friedrich Froebel ya buɗe makarantar ƙananan yara a shekarar 1837, kuma a 1840 ya raɗa mata suna Kindergarten, wato lambun yara da Jamusanci, inda yake ba su ƙwallayen zare da guntayen katako su yi gini, su rera waƙa, su kuma yi shuka. A Nijeriya ma, bugun 2004 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya bayyana cewa wasa ne zai zama babbar hanyar koyarwa a wannan mataki, ya kuma tsara malami ɗaya ga yara 25. Saboda haka malamar da ta fito da yara tsakar makaranta da baho da ruwa ba ta kauce wa ƙa'ida ba.

Mu ɗauki misalin wani aji a Tudun Wada. Malama ta cika babban baho da ruwa, ta jera kayayyaki a kan tabarma: ƙaramar ƙusa, dutse, ludayin duma, babbar ƙwarya, murfin kwalba da lemon zaƙi guda biyu. Kafin a jefa komai a ruwa, sai ta ɗaga ƙwaryar ta ce, "Yara, wa zai faɗa mini, wannan za ta nutse ko za ta tsaya a sama?" Wani yaro ya yi wuf ya ce, "Malama, za ta nutse, ai babba ce." Malama ba ta ce masa ya yi kuskure ba, ba ta kuma ce ya yi daidai ba. Miƙa masa ƙwaryar ta yi, ta ce ya saka da hannunsa. Ƙwarya ta zauna a saman ruwa tana lilo. Aka jefa ƙusa, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, sai ga ta a ƙasan baho. Yaron ya tsaya yana kallon ƙwarya, yana kallon ƙusa, sannan ya danna ƙwaryar da tafin hannu har ruwa ya shiga cikinta, yana so ya ga ko dole za ta sa ta nutse.

A nan ne karatun yake. Yaron ya zo da ra'ayinsa cewa duk abu babba nutsewa yake yi, ya gwada, idonsa ya nuna masa akasin haka, yanzu kuma yana neman dalili da kansa. Da Malama ta rubuta a allo cewa ƙarfe yana nutsewa, ƙwarya ba ta nutsewa, ta sa yara su maimaita sau goma, da sun haddace, amma da ba wanda tambaya za ta taso masa a zuci. Da aka zo kan lemo, sai abin ya ƙara armashi, domin lemon da yake da ɓawonsa ya taso sama, wanda aka ɓare kuwa ya yi ƙasa, alhali an rage masa nauyi. Dalili shi ne ɓawon lemo yana da ƙananan ramuka masu riƙe iska, su ne suke ɗauke da shi. Malama ba ta yi gaggawar faɗa musu ba, sai ta ba su ɓawon su taɓa, su matsa, su jefa shi kaɗai a ruwa. Wata yarinya ta ce, "Malama, rigarsa ce take hana shi nutsewa." Ga 'yar shekara 5, wannan amsa ta kama hanya, kuma ita ta samo ta.

Ku lura da irin tambayoyin da malamar take yi. Takan ce, "Me kake tsammani zai faru?" ko "Yaya aka yi ka sani?" ko "In muka sauya wannan fa?" Irin waɗannan tambayoyi ba a amsa su da i ko a'a, dole sai yaro ya haɗa jimla, ya kawo hujja, ya kuma saurari abokinsa. Iya yin su sana'a ce da ake koya, shi ya sa kwalejojin ilimi suke da sashen horar da malaman ƙananan yara. Abu mafi wuya a cikinta, a ganina, shi ne malami ya iya yin shiru bayan ya yi tambaya, domin mu manya mun saba cika wa yaro baki da amsa tun bai gama tunani ba.

Lissafi ma haka yake shiga. A kusurwar aji akan shirya ɗan shago da gwangwanayen madara da kwalayen ashana marasa komai a ciki, murafan kwalba kuma su zama kuɗi. Yarinyar da aka ce ta sayar da gwangwani a kan murfi uku, mai saye ya ba ta biyar, dole ta ƙirga ta mayar da canjin biyu, in kuwa ta yi kuskure mai sayen ba zai yarda ba. Ta yi lissafin ɗebewa ke nan tun ba ta san alamarsa a takarda ba. Shi kuma rubutu yana bukatar yatsu masu ƙwari, kuma murza yumɓu, zura duwatsun ado a zare da zane a kan yashi su ne suke shirya hannu ya riƙe fensir.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a wannan fage. Carafke tana koya wa yarinya ƙirga da haɗa ido da hannu, langa tana koyar da daidaita jiki, tuwon ƙasa da 'yar tsana suna koyar da magana da rabon aiki, yaron da ya ƙera mota da karan dawa kuwa ya auna, ya yanka, ya gyara ƙafar da ta karkace. Abin da makaranta ta ƙara shi ne babban mutum da yake kusa, yana lura, yana jefa tambaya a lokacin da ya dace.

To, yaya uba ko uwa za su gane ko wasan ajin ɗansu na koyo ne? Hanya mafi sauƙi ita ce ku nemi izinin shugaban makaranta ku zauna a ajin na rabin awa. Idan kun ga malama ta durƙusa a cikin yara tana magana da su, kayan wasa an tanade su tun kafin yara su iso, kuma bayan an gama an tara su an tambaye su abin da suka gani, to aiki ake yi. Idan kuwa malama tana bakin ƙofa tana hira ko tana duba waya, yara suna ta guje-guje da doke-doke ba mai kula, wannan sakaci ne, kuma kuna da damar yin magana. Sai dai a yi adalci, domin a makarantun gwamnati da yawa ajin ya ninka adadin da aka tsara, kuma malama ɗaya ba za ta iya zagaya yara masu yawa haka da baho ɗaya ba. Idan za ku yi mata magana, ku fara da tambaya cikin girmamawa, kamar ku ce, "Malama, sannu da ƙoƙari, me yaran suka koya a wasan ruwan nan na jiya?" Malamar da ta shirya darasinta za ta ba ku amsa nan take. Za ku iya kuma taimaka mata da abin da ba ya cin kuɗi, irin su kwalaye, ƙyallayen tela da robobin da aka wanke.

Akwai hattara da ya wajaba a kiyaye a gida da makaranta. Kada a bar yaro shi kaɗai da baho ko bokiti mai ruwa ko da na ɗan lokaci ne, a zubar da ruwan da zarar an gama. Murafan kwalba, wake da duwatsun ado suna iya shaƙe ƙanensa mai rarrafe, don haka a tattara su a adana. A duba bakin gwangwani kada ya zama mai kaifi, a kuma wanke hannu da sabulu bayan wasan ƙasa.

Aikin da za ku yi kafin zama na gaba shi ne, ku samo gwangwani biyu, ku huda ƙasansu, ku cika su da ƙasa mai laima, ku ba yaro ya shuka ƙwayar wake uku a kowane. Ku ajiye ɗaya a inda rana take samunsa, ɗayan kuma a lungu mai duhu a cikin ɗaki, yaro ya riƙa ba su ruwa kaɗan kowace safiya. Cikin 'yan kwanaki za su tsiro, kuma za ku ga na cikin duhu ya yi tsawo, siriri, launinsa ya koɗe. Kada ku faɗa wa yaro dalili. Ku tambaye shi me ya gani, me yake tsammani ya jawo haka, sannan ku rubuta amsarsa a littafinku da hannunku, kalma da kalma yadda ya faɗa, tare da kwanan wata. Ku zo da littafin da gwangwanayen biyu aji, kowa zai karanta abin da ɗansa ya ce.