Yaro na cewa "tuɗi" maimakon kuɗi: kurakuran da muke yi wajen auna bakin yaranmu

Kwanakin baya muna zaune gidan ƙanwata a Shara Mansur nan Makka bayan isha, ɗanta mai shekara huɗu da rabi ya shigo da gudu yana cewa Umma tuɗi zan je badala, ni wallahi ban gane ba, ita kuwa ko ɗago kai bata yi ba ta miƙa masa riyal biyu tace kuɗi yake so zai je bagala, wato kanti. Nan take ɗakin ya rabu uku, Hajiya tace tsamin baki ne ubansa ma haka yayi a ƙyale shi, maƙwabciya tace linzami ne, wato zaren ƙasan harshe, a kai shi a yanke, ƙanwar tawa kuma tace ai abla ɗinsu ta rauda, wato malamarsu ta nazare, tace a daina masa Hausa a gida shine ke rikita shi. Duk su ukun da kyakkyawar niyya suka faɗa, kuma duk su ukun ba wadda ta tsaya ta saurari yaron tukuna.

Bari in fara da maganar abla don ita tafi ci min rai. Yare biyu baya jawo wa yaro lalurar furuci, duniya cike take da yara masu tasowa da yare biyu ko uku lafiya lau. Abin da yake faruwa shine wani yaren yana barin tambarinsa a kan wani, kuma wannan ba ciwo bane. Kalmomin Hausa kusan duk da wasali suke ƙarewa, to yaron da Hausa tafi ƙarfi a bakinsa zai iya ce wa bab (ƙofa) babu ko ya ce wa shams (rana) shamsi, kamar yadda kakanninmu suka mayar da kalmomin Larabci da yawa. Shi kuma wanda Larabci ya rinjaya zaka ji yana cewa kofa maimakon ƙofa, daki maimakon ɗaki, saboda Larabci ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ts. To ta ya za a bambance? A saurare shi a yarukan biyu. Matsala ta gaskiya tana bin yaro duk inda ya je, ɗan ƙanwata ya mayar da k ta zama t a kuɗi, ya mayar da g ta zama d a bagala, wato duk sautin da ake yi da bayan harshe yana jawo shi gaba, a Hausa da Larabci baki ɗaya. Wannan kam abin a duba ne, don yawancin yara kafin su cika huɗu sun bar shi. Da za a hana shi Hausa ba abin da zai gyaru sai dai a raba shi da hira da kakarsa.

Akwai wani kuskuren da ya danganci wannan, auna yaro da Larabcin littafi. Yaro a Makka ko Jidda ya ce wa uku talata maimakon salasa ta allo, ko gahwa da g, ai haka mutanen Hijaz ke magana, abin da ya ji a titi ya ɗauko. Haka a Hausa ma, ɗan Basakkwata ya ce hwari inda Bakano zai ce fari ba za a ce bakinsa ya samu matsala ba. Sai an fara tambaya su wa yake ji a gida sannan a ce ya kauce.

Sai kuma sa wa yaro ido da wuri kan haruffan da dama can su ne na ƙarshen zuwa. Sautuka ba tare suke zama a bakin yaro ba, b da m da d da n suna zuwa da wuri, r kuwa da haruffan Larabci masu nauyi irin sad da lad da ɗa suna iya kaiwa shekara shida ko fiye kafin su zauna. Na ga uba ya tada hankalinsa don malamin tahfiz yace ɗansa mai shekara biyar baya fitar da makhrajin lad, haba Alhaji, manya nawa ne har yau ke fama da ita. Wani nazari da aka fitar a 2018 wanda ya tattara bayanan yara a harsuna 27 ya nuna zuwa shekara biyar yara suna faɗin sama da kashi 90 cikin ɗari na baƙaƙe daidai, wato yawanci sun zauna amma saura 'yan kaɗan. Sannan in yaro na famfara haƙoran gaba sun zube, s ɗinsa zata ɗan canja, a jira su fito.

Amma kar wannan ya zama hujjar Hajiya ta a ƙyale shi zai daina. Wani yana dainawa wani baya dainawa, kuma a nan da shekara shida ake shiga ajin farko, yaron da baya bambance k da t a baki yana iya shan wahala in aka zo haɗa harafi da sautinsa a karatu da rubutu. Ma'aunin da ake yawan amfani da shi mai sauƙi ne, baƙo wanda bai saba da yaron ba ya kamata ya gane kamar rabin maganarsa a shekara biyu, kashi uku cikin huɗu a shekara uku, kusan duka a shekara huɗu. Baƙo fa nace, ba uwa ba, uwa ko gurnani ɗanta yayi ta san fassararsa, shi yasa ita ce ta ƙarshen ganewa.

Babban abin da muke tsallakewa shine kunne. Yaro abin da ya ji yake maimaitawa, in mura ta yawaita ruwa kan taru a bayan dodon kunne ba zafi ba zazzaɓi, sai ya riƙa jin magana kamar wanda aka toshe masa kunne da auduga, yau ya ji gobe bai ji ba. Wai ai yana juyowa in an kira shi ko yana jin ƙarar waya daga wani ɗaki, wannan ba gwaji bane, ana iya jin ƙara a kasa jin s da f da sh. Ko an masa gwajin ji ranar haihuwa ya wuce, a sake. Wannan shine matakin farko kafin komai.

Linzami kuwa, eh akwai yaran da ake haifa da zaren ƙasan harshe gajere, amma ba kasafai shi ke ɓata magana ba, kuma k da g ma da bayan harshe ake yinsu to yankan gaba me zai musu. Dan Allah kar a sa aska a bakin yaro a gida, likita ya duba, ya kalli ganɗa ma, musamman in maganar ta hanci take fita ko madara na dawowa ta hanci.

Wajen gwadawa a gida shima muna kwafsawa. Sai a tsare yaro gaban mutane ace ce kaza, ce kaza, ana dariya ana ɗauka a waya ana turawa dangi, yaro yayi gum. Kuma in ka faɗi kalma ya maimaita kwaikwayonka yayi, ba lallai haka yake faɗa shi kaɗai ba. Gara a nuna masa abu ko hoto ace menene wannan, kifi, kofi, takalmi, riga, gida, sautin ya zo a farkon kalma ya zo a tsakiya, a rubuta daidai yadda ya faɗa ba yadda ya kamata ba. A lura ko kullum iri ɗaya yake kuskuren ko kalma ɗaya yau ta fito haka anjima ta fito daban, wannan na biyun a gaya wa masana don hanyar aikinsa daban ce. In yace tuɗi kar ace ba haka bane, ace eh kuɗi kake so, ga kuɗi, ya ji daidai ba tare da an kunyata shi ba. In'ina kuma wata aba ce daban, maimaitawa ko maƙalewar magana, kar a haɗa su.

Masu wannan aikin a nan ana ce musu akhisa'in takhaɗub, wato masana gyaran magana, akwai su a manyan asibitoci da cibiyoyi masu zaman kansu, a Jidda ma akwai cibiyar ji da magana ta JISH. Kusan duk da Larabci zasu gwada yaron, to kar a ɓoye cewa Hausa ake yi a gida don gudun a ce wani abu, a faɗa tun farko, a je da ɗan bidiyon minti biyar yana wasa yana surutunsa da Hausa da kuma takardar kalmomin nan da aka rubuta, wani babba ya zauna ya faɗa wa ma'aikaciyar yadda ake faɗin kowace kalma a gidan. Ƙanwata ta fara tata takardar, kalma goma sha huɗu zuwa jiya, kuma ranar Lahadi zata kai shi a duba kunnen.