Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gine-ginen Gwamnati a Abuja Ba Tare da An Ƙwace Maka Kyamara Ba

Mai ɗaukar hoto a tsakiyar Abuja yana bukatar ya san wa ke gadin gini tun kafin ya san ta ina rana ke faɗo masa. Jami'an tsaron birnin ba haka kawai suke zargin mai kyamara ba. An tayar da bama-bamai kusa da Dandalin Eagle Square ranar 1 ga Oktoba 2010, an kai hari hedikwatar 'yan sanda ta Louis Edet House ranar 16 ga Yuni 2011, sannan ginin Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 26 ga Agusta 2011. Tun daga nan, duk wanda ya tsaya yana auna ƙofar wani ofishi da dogon lens, kallon mai leƙen asiri ake fara yi masa, sai daga baya a saurari bayaninsa.

Inda ba a ɗaga kyamara sam

Fadar Shugaban Ƙasa da duk ƙofofin shigarta, hedikwatar DSS da ke Aso Drive, Louis Edet House, ginin Ma'aikatar Tsaro da ake kira Ship House a Area 10, barikokin soja irin su Mogadishu da ke hanyar Keffi, ofisoshin jakadanci, da kowane shingen bincike. Ship House na da jan ido saboda siffar jirgin ruwa da aka yi masa, amma ka haƙura. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta yi magana ƙarara a kan ɗaukar hoto ko zanen wuraren tsaro da aka keɓe, kuma ba kai ne za ka yanke hukuncin ko niyyarka mai kyau ce ba. Haka nan ayarin motocin manya: in ka ji jiniya, sauke kyamara ƙasa har su wuce.

Inda sai da izini

Majalisar Dokoki ta Ƙasa, Kotun Ƙoli, Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, Babban Bankin Nijeriya, benayen NNPC, da cikin Eagle Square. A nan takarda ce ke aiki.

Rubuta wasiƙa shafi ɗaya zuwa ga sashen yaɗa labarai ko hulɗa da jama'a na wurin. A Majalisa, tsaron harabar yana hannun ofishin Sajan na Majalisa, don haka ko da wani sashe ya amince, tabbatar labari ya kai can. Wasiƙar ta ƙunshi cikakken sunanka da lambar waya, ranar da sa'ar da kake so, ɓangaren ginin da za ka ɗauka (ka ce "gaban gini daga waje", kada ka bar shi a buɗe), inda hoton zai fito, da jerin kayan aikinka da lambobin jikinsu. Haɗa da kwafin katin shaidarka, na ɗan ƙasa ko na ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ in kai ɗan jarida ne. Kai kwafi biyu da hannunka, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka riƙe. Ba da tazarar mako biyu aƙalla, kuma ka riƙa bibiya, domin wasiƙar da ba a bi sawunta ba a cikin fayil take kwana. Baƙon ɗan jarida daga wata ƙasa, ko da daga Nijar ko Ghana ya zo, sai ya fara samun tantancewar Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta Tarayya.

Abin da ke yawan lalacewa shi ne a samu izini daga sama amma wanda ke ƙofa bai sani ba, saboda masu gadi suna canjin aiki. Don haka ranar ɗauka, kafin ka buɗe jaka, ka je wurinsu ka gaishe su, ka nemi shugaban masu aikin ranar, ka nuna masa takardar. In ya haɗa ka da wani ya raka ka, ka ji daɗi: wannan ɗan rakiyar ya fi takardar amfani.

Inda ake sakewa

Ƙofar Birni da ke hanyar filin jirgi kusa da Filin Wasa na Moshood Abiola, Millennium Park a Maitama, Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa daga waje, da Dutsen Zuma a hanyar Kaduna, wanda ma a Jihar Neja yake. Ko a nan, tambaya ba ta ɓaci. Wuraren shaƙatawa kan bambanta mai waya da mai babbar kyamara, su nemi kuɗi daga na biyun. A Ƙofar Birni sau da yawa akwai motar jami'an tsaro a gefe. Yi musu sallama tukuna, kuma ka tsara hotonka yadda ba za su fito a ciki ba. A masallaci, nemi ofishin gudanarwa in kana son shiga haraba, ka zo tsakanin hantsi da azahar, ka kauce wa Juma'a, ranar da manya ke zuwa da masu tsaronsu kuma ake tare hanyoyi. Kada ka auna masu ibada, musamman mata, ba da yardarsu ba.

Kaya da saiti

Ƙaramin kaya, ƙaramar fitina. Kyamara ɗaya da lens 24–70mm sun isa yawancin aikin. Lens 70–200mm yana da amfani ƙwarai wajen matso da Dutsen Aso bayan koren ƙubbar Majalisa, amma shi ne ke fara jawo ido, sai a bar shi a jaka har an samu izini. Ƙafar kyamara mai uku ita ma haka: da zarar ka kafa ta ka zama ɗan fim a idonsu. Jirgi marar matuƙi kuwa kada ma ka ɗauko shi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta hana tashinsa sai da lasisinta da kuma amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, kuma sararin Three Arms Zone, inda Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisa da Kotun Ƙoli suke, ba wurin gwaji ba ne.

Sa sabon memori wanda babu komai a kansa. Masu ɗaukar biki ne suka fi faɗawa wannan rami: a riƙe kati ko a ce a goge, hotunan amaren mutane su tafi tare da na gini.

Daga wajen Eagle Square, Majalisa da Dutsen Aso suna ta gabas maso arewa. Da safe rana na bayansu, gini ya fito baƙi, sama ta ƙone. Lokacinsu shi ne daga ƙarfe 4:30 zuwa 6:00 na yamma, rana na bayanka. Fara da buɗin lens f/8, ISO (ƙarfin jin haske) 100 zuwa 200, shota 1/250 na daƙiƙa. Ƙubbar zinare ta Masallacin Ƙasa tana ƙona haske da tsakar rana, sai a rage haske da kashi biyu bisa uku na mataki, a ɗauka a RAW, tsarin ajiyar hoto da ya fi sauƙin gyara daga baya. Bayan faɗuwar rana akwai kamar minti 15 zuwa 20 da sama ke yin shuɗi fitilu kuma sun kunnu. Ɗaga ISO zuwa 1600, buɗe f/4, ka jingina da bango ko rufin mota maimakon kafa ƙafa. Filashi ba ya haska gini, tona maka asiri kawai yake yi.

Hasumiyoyin masallaci huɗu da dogayen benaye sukan fito kamar za su faɗi baya in ka tsaya kusa ka ɗaga kyamara sama. Ja da baya, riƙe kyamara a miƙe, ka yi amfani da 50mm ko sama, ka yanke ƙasan hoton daga baya. Mai waya ya zaɓi 2x, ya guji 0.5x.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan shafe Dutsen Aso gaba ɗaya, kuma babu saitin da ke maido shi. Sama mafi tsabta tana zuwa ne da damina, washegarin ruwan dare, da kuma ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Safiyar Asabar da Lahadi tituna fayau suke, sai dai kai kaɗai a titi kowa na ganinka. Kauce wa ranakun bukukuwan ƙasa na 15 ga Janairu, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba da kwanakin atisaye kafinsu, da duk ranar da aka ce za a yi zanga-zanga.

Kada ka ɗauki hoto a ɓoye ta tagar mota a gaban ginin da ake gadi. Wanda ya tsaya a fili ya tambaya, iyakarta a ce masa a'a. Wanda aka gani yana saƙo lens ta gilashi, binsa ake yi. Kuma kada ka faka a bakin ƙofa ko gefen Shehu Shagari Way. Direba ya sauke ka ya dawo.

In an tare ka

Saki kyamara ta rataya a wuya, hannuwanka a fili. Kada ka gudu, kada ka juya baya kana latse-latse, domin za a ɗauka gogewa kake yi. "Yallaɓai, barka da aiki, hoton ginin nake ɗauka, ga katina, ga takardata," da harshen da yake ji. Nuna masa hotunan da kanka. In ya ce a goge, goge; gardamar sashe na 39 na tsarin mulki a gaban lauya take da amfani, ba a bakin titi da mai bindiga ba. Kada ka miƙa kuɗi. In an ce za a riƙe kaya, nemi a rubuta abin da aka karɓa da ofishin da za a kai shi, ka kuma roƙi a bar ka ka kira wanda ka sanar da inda za ka tun kafin ka fito, wanda ke riƙe da kwafin wasiƙarka da lambobin kayanka.