Yadda Nake Zaɓen Fitilun Wurin Aiki

Da farko ka daina kallon watt a jikin kwali, lumen ne ke gaya maka yawan hasken da kwan LED zai bayar. Teburin rubutu da kwamfuta yana son lux 500 (lux ma'aunin hasken da ke sauka a kan wuri ne), hanyar wucewa kuwa 100 ya isa.

Wajen launin haske, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K, ni 4000K nake sa wa ofis, wato fari matsakaici. Na taɓa sa 6500K, fari mai ɗan shuɗi-shuɗi, kafin a tashi idanuna sun gaji, fuskar kowa ta koɗe kamar marar lafiya. In aikin launi ne, irin ɗinki ko ɗab'i, nemi CRI 90 (CRI ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin abu ne).

Kafin ka biya, kunna fitilar ka saita mata kyamarar wayarka. In ka ga layuka suna gudu, ƙyaftawa take yi, bar ta. Wurin ƙura ko feshin ruwa kuma sai mai IP65, alamar da ke nuna ƙura da feshin ruwa ba sa shiga cikinta.