Yadda Ake Haɗa Abinci Domin Jini Ya Wadata, Jiki Ya Samu Kuzari

Jajayen ƙwayoyin jini ba sa wuce kimanin kwana 120 a raye, saboda haka ɓargo ba ya hutawa wajen samar da sababbi, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da abubuwa uku: sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ayon, da folet (wato bitamin B9), da bitamin B12. Idan ɗaya daga cikinsu ya yi ƙaranci, iskar oksijin da jini ke kai wa gaɓoɓi takan ragu, sai mutum ya riƙa fama da kasala da jiri da haki ko da tafiya kaɗan ya yi. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya gano ƙarancin jini a jikin kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49, da kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan wata 6 zuwa 59.

Kafin a sayi wani magani, a fara da gwaji. Farin tafin hannu da farin cikin fatar ido alamu ne, amma awon jini a asibiti ne yake tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar cewa akwai ƙarancin jini idan himoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, ya gaza giram 13 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini ga namiji, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai juna biyu (10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki). A nemi sanin dalili kuma, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya da yawan jinin al'ada duk suna cinye jini, kuma babu abincin da zai cike gurbin matuƙar ba a magance su ba.

Ƙarfen da ke cikin abinci iri biyu ne. Na jikin nama da hanta da ƙoda da kifi hanji yana tsotse shi cikin sauƙi, na wake da gero da riɗi da daddawa da zogale da alayyafo kuwa kaɗan ne daga cikinsa yake shiga jini, sai an yi masa dabara. Namiji baligi yana buƙatar kimanin miligiram 8 a rana, macen da ke al'ada 18, mai ciki 27, kuma tunda ba kowane gida ne yake iya sayen nama kullum ba, dabarar ce abin da ya fi dacewa a koya. Bitamin C yana ƙara yawan ƙarfen da ake tsotsa daga tsirrai, da sharaɗin a ci su a zama ɗaya. Idan an yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a yanka ɗanyen tumatir da tattasai a ciki, sannan a matsa lemun tsami bayan ganyen ya huce, tunda zafi yana lalata wannan bitamin. Wanda ya ci shinkafa da wake ko ɗanwake ya bi da lemun zaƙi ko gwaiba. Ɗan busasshen kifi ko 'yar tsokar nama a cikin miyar kuka ma suna taimaka wa ƙarfen ganyen ya shiga jiki.

Shayi shi ne babban mai hana ruwa gudu, domin sinadarin tanin da ke cikinsa yana riƙe ƙarfe a hanji ya fita da shi, haka ma kofi. Ba a ce a daina sha ba, sai dai a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da babban abinci. Al'adar nan ta haɗa lemun malt da madarar gwangwani a ba wanda jininsa ya yi ƙasa tana ba da suga da ɗan kuzari na lokaci kaɗan, amma ƙarfen da ke ciki bai taka kara ya karya ba, kuma a ganina kuɗin ya fi amfani idan aka kai shi wurin mai hanta. Mai juna biyu dai ta guji yawan cin hanta, saboda bitamin A da ya yi yawa a cikinta yana iya cutar da ɗan tayi.

Folet yana cikin ɗanyen ganye da wake da gyaɗa, kuma yana narkewa a ruwa, don haka wanda ya dafa ganye ya daɗe sannan ya tsiyaye ruwan ya zubar da kaso mai yawa. A wanke ganye kafin a yanka shi, a saka shi a ƙarshen girki. B12 kuwa daga dabba kawai ake samunsa: nama, kifi, ƙwai, nono da kindirmo. Tsofaffi da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan maganin metformin sun fi saurin rasa shi, kuma ƙarancinsa yakan zo da jin kamar ana tsira allura ko mutuwar yatsun hannu da ƙafa.

Game da kuzari, bitamin B1 da B2 da B3 ba su ne ƙarfin ba, su ne suke taimaka wa jiki ya juya tuwo da mai zuwa ƙarfi. Mafi yawan B1 yana cikin dusar hatsi, saboda haka kada a tsananta surfe, kuma shinkafar da aka turara da ɓawonta kafin a casa ta ta fi farar da aka goge tas riƙe shi. Kanwa tana lalata B1, don haka maimakon a zuba ta domin wake ya yi saurin nuna, a jiƙa shi tun dare, wanda hakan yana kuma rage sinadarin da ke hana tsotsar ƙarfe. Gidan da masara ce abincinsa na kullum ya yawaita miyar gyaɗa, domin B3 na masara a ɗaure yake, gyaɗa kuwa tana da shi a wadace.

Ƙwayar ƙarin jini tana da nata ƙa'idojin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa shan ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 da folik asid (folet na ƙwaya) maikrogiram 400 kowace rana, kuma ana bayar da su a wurin awon ciki. A sha ƙwayar da ruwa ko ruwan lemu, ban da shayi ko nono ko maganin gyambon ciki a lokaci guda. Bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ciki ya ɗaure, wannan ba dalilin dainawa ba ne, kuma likita yakan ce a ci gaba har kusan wata uku bayan jini ya daidaita domin ajiyar jiki ta cika. Mai sikila kada ya sha ƙwayar ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata, musamman idan an sha yi masa ƙarin jini, domin ƙarfen yakan taru ya illata hanta da zuciya. Folik asid ne aka saba rubuta masa. A ajiye ƙwayoyin inda hannun yara ba zai kai ba, saboda yaron da ya haɗiye su da yawa yana buƙatar a garzaya da shi asibiti nan take.